Gidan da Bishiyoyi Suka Goya

Ga ta nan, ga ta nanku, tana lilo a kan reshe!

Ta sauko mu ji ta!

To, ku matso. Mai mutsu-mutsu ya ci gaba da abinsa, yau ba zan tsawata wa kowa ba, don tatsuniyar ma ta marasa zama ce.

A wani gari a bakin kurmi an yi wata mata, sunanta Tabawa, 'yar Nomau. Ba ta da gona, ba ta da akuya. Mijinta bafatake ne, hanya ta fi saninsa fiye da ɗakinsa. Abin da take da shi a duniya 'yarta ce ta goye, sai bishiya uku da ta gada wurin ubanta: kuka, da tsamiya, da ɗorawa. Suna tsaye wuri ɗaya kamar duwatsun murhu. Filin da suke kai na Sarki ne, amma bishiyoyin nata ne, don haka al'adar garin take, ƙasa daban, itace daban. Kuka ta ba ta miya. Tsamiya ta ba ta kunu. Ɗorawa ta ba ta kalwar daddawa. Tabawa tana kiran kukar Kaka, tana kiran tsamiyar Gwaggo. Ɗorawar kuwa Yaya take ce mata, don tare suka tashi, kuma ita ta fi kwanta mata a rai.

Sarkin garin kuwa Allah ya yi shi marar zama. Ya zauna a zaure, ya ce zafi. Ya koma soro, ya ce duhu. Ya hau bene, ya ce ai wannan ƙasa ce aka ɗora kan ƙasa. Ran nan wani baƙo ya zo fada ya ciro wayar hannu. E, tatsuniya ma ta shigo zamani, ku daina dubana. Ya nuna wa Sarki hoton wani gida a wata ƙasa mai nisa, gida a saman bishiyoyi, da tsani, da tagar gilashi, ganye na leƙowa ciki.

Sarki ya miƙe. Ya zauna. Ya sake miƙewa.

Ya ce, "Shi nake so. Ina bishiyar da ta isa ta ɗauki gidana?"

Fadawa, waɗanda ko tari Sarki ya yi sai sun ce ya yi daɗi, suka ce, "Ranka ya daɗe, akwai uku a filinka na bakin kurmi."

Labari ya iso wa Tabawa. Ta kasa zaune, ta kasa tsaye. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta ruga fada ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, bishiyoyin nan gadona ne."

Sarki ya ce, "Wa ya ce zai ci miki su? Aro na yi. Tashi."

Aka kira Sarkin Magina. Ya zo da yaransa, ya zagaya bishiyoyin yana shafa gemu. Ya ce, "Gida gida ne, ko a sama ko a ƙasa. A kwaɓa ƙasa!" Aka kwaɓa. Aka shimfiɗa azara daga reshe zuwa reshe. Aka jefa tubali sama, aka cafe, aka jefa, aka cafe. Aka ta da katanga mai kaurin da jaki zai kwanta a kanta. Sannan ya ce ba a shiga sabon ɗaki sai an yi daɓe, a tara mata. Aka tara mata, har da Tabawa a cikinsu. Tana buga madaɓi, tim, tana jin Kaka tana nishi a ƙarƙashinta. Ta buga, tim, ta ji Yaya ta ce wash. Hawaye na zuba, hannu na bugu, don dogari yana tsaye a kanta.

Da la'asar iska ta ɗan taso, ba ma wata iskar kirki ba. Daɓe ya tsage. Katanga ta buɗe baki. Rugugum! Gida ya dawo ƙasar da aka ɗebo shi, ya taho da reshen kuka guda.

Sarki ya ce, "A kira na biyu."

Aka kira Sarkin Maƙera. Shi wannan ya zaga birane, har walda ya iya. Ya ce, "Laifin ƙasa ne. Ƙarfe ba ya tsagewa." Ya kawo ƙusoshi masu tsawon hannu. Ya kafa a jikin kuka, ya kafa a jikin tsamiya, ya kafa a jikin ɗorawa. Ya haɗa su ukun da ƙarfe guda, ya ɗaure tamau. Tabawa tana gefe da goyonta, kowace guduma kamar a haƙarƙarinta take sauka. Ta je gida, ta dawo. Ta je, ta dawo. Ranar sau bakwai ta taka hanyar nan.

Iska ta taso. Ƙarfe ya fara kuka, ƙiiii. Ya lanƙwashe, ya miƙe, ya lanƙwashe. Ɓarararas! Ƙusoshi suka fita, kowace da tsokar itace a bakinta.

Sarki ya ce, "A kira na uku."

Aka kira wani kafinta daga birni, da fensir a bayan kunne. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Na gano cutar. Bishiyoyin ne ba su da ladabi, motsi suke yi. A hana su." Aka kafa turaka. Aka ɗaure kowace da sarƙa kamar saniyar da za a tatsa. Ya buga katakonsa, ya yi masa fenti, abu ya yi kyau kamar ka lasa. Iska ta taso. Tsamiya ta ce, "Ni za a ɗaure? Ko uwar da ta haifi iska ba ta ɗaure ni ba." Ta girgiza kai sau ɗaya. Turaka suka tuge, sarƙa ta yi sama, katako ya watse har kasuwa.

Sarki ya fusata. Ya shiga, ya fita, rawani ya warware bai sani ba. Ya ce, "Jibi a kawo gatura. A sare su duka. A zuba ginshiƙan siminti uku, a shafa musu koren fenti, a ɗora mini gidana. Siminti dai ba ya rawa."

Fadawa suka ce, "Hikima, ranka ya daɗe!"

Tabawa ba ta tsaya ɗaura ɗankwali ba. Ta ruga gindin bishiyoyinta tana zagaya su, tana zagayawa, 'yar bayanta tana tsalle. Ta ce, "Kaka, Gwaggo, Yaya, jibi gatari! Don Allah ku tsaya cik ko na rana ɗaya ne, a gina masa abinsa mu huta."

Tsamiya ta ce, "Ke ma maganarsu za ki yi? Mutum uku suka hau kanmu, ko ɗaya bai ce mana sannu ba, balle ya tambayi yadda muke tsayuwa."

Tabawa ta ce, "To Gwaggo, ni na tambaya. Yaya kuke tsayuwa?"

Kuka ta ce, a hankali, don tsohuwa ce mai jiki, "Ni in iska ta zo, gindina ba ya motsi. Yatsuna kawai nake kaɗawa."

Tsamiya ta ce, "Ni kai nake girgizawa, gabas da yamma, gabas da yamma."

Ɗorawa ta ce, "Ni kuwa, ƙanwata, rawa nake yi da dukan jikina. In an hana ni rawa karyewa zan yi."

Tabawa ta dafe kai. Ɗaya ba ta motsi, ɗaya tana girgiza, ɗaya tana rawa. Wane gida ne zai zauna a kan wannan? Ta ci gaba da zagaye. Ta sunkuya ta tsinci ƙusa, ta miƙe. Ta juya hagu, ta juya dama. Majanyin goyonta ya yi sako-sako, ta kai hannu za ta gyara kamar kullum. Nan hannun ya tsaya a kan ƙullin.

Tun safe take gudu, take sunkuyo, take juyi, yarinya tana bayanta ba ta faɗo ba. Ba ƙusa, ba sarƙa. Ƙulli ɗaya ne a ƙirji. Ƙafafun yarinya suna reto yadda suka ga dama.

Ta zura da gudu sai fada. Ta faɗi, numfashi na fita sama-sama, ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana bakwai. In gida bai tsaya ba, ni zan wasa gatarin da hannuna."

Fada ta ɗauki dariya. Wani bafade ya ce, "Mai daddawa za ta yi abin da ya gagari Sarkin Magina!" Amma Sarki, da yake duk abin da yake sabo yana burge shi, ya ce, "Na ba ki bakwai. Ta takwas ta gatari ce."

Tabawa ta bi gida-gida ta tara 'yan'uwanta mata masu daddawa. Suka jiƙa rama, suka yi tufka, suka yi tufka, har cinyoyinsu suka yi ja. Ta sa aka saro gora marar nauyi. Ba tubali, ba ƙarfe. Kafin ta hau kowace bishiya sai ta ce, "Sannu, zan hau." Ta naɗe jikin kowace da tsumma don kada igiya ta gurje ta. A jikin Kaka, wadda ba ta motsi, ta ɗaure gidan da ƙulli ɗaya mai ƙarfi. A jikin Gwaggo ta rataye gorar cikin zoben igiya mai sako-sako, tana zamewa gabas da yamma. A jikin Yaya ta bar igiya mai tsawo, gida ya bi ta duk inda rawa ta kai ta. Aka kewaye da zana, aka ɗora jinka. Tagar gilashin ma an sa wa Sarki abinsa, amma cikin fata aka ɗinke ta aka rataye, don kada motsi ya fasa ta.

Rana ta bakwai Sarki ya hau tsani. Yana zama, hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta taso, wannan karon ta gaske. Mutane suka ja da baya. Tabawa ta tsaya a ƙasa tana cizon yatsa. Kaka ta kaɗa yatsu. Gwaggo ta girgiza kai. Yaya ta kama rawa. Gida ya tafi, ya dawo. Ya tafi, ya dawo. Ko kara ɗaya bai faɗo ba.

Mata suka rangaɗa guɗa. Tabawa ta rungume ɗorawa tana dariya tana kuka.

Kuna tsammani an gama? Ashe ba ku san sarakunan tatsuniya ba.

Sarki ya leƙo ta tagar gilashi ya ce, "Gida ya yi. Daga yau bishiyar da ke ɗauke da gidan Sarki ta Sarki ce. Kada wanda ya sake hawa, kada wanda ya tsinki ko ganye. A ba matar nan zane guda, ta tafi."

An gudu ba a tsira ba. Tabawa ta buɗe baki. Akwai maganar da ba ta gaya wa kowa ba tukuna: in damina ta zauna, bishiya tana shan ruwa ta yi ƙiba, igiya kuwa ba ta girma. Dole a hau a sassauta. Maganar ta zo mata har kan harshe. Ta dubi Sarki, ta dubi zanen da aka jefo mata, ta haɗiye abarta. A ranta ta ce, "Bari igiya ta matse. Da kansa zai aiko a neme ni, ranar zan faɗi abin da nake so." Ta juya ta tafi gida.

Damina ta zauna. Bishiyoyi suka sha, suka sha, suka cika. Igiya ta ɗaure. Gida ya daina lilo, ya fara ƙara, ya karkata gefe guda har ƙwaryar furar Sarki tana gangarawa da kanta. Aka kira Sarkin Magina ya duba ƙullin, ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba. To ina zai gani, ƙullin majanyi ne, shi kuwa bai taɓa goya ko ɗan akuya ba. Wani bafade ya ce a sa wuƙa. Sarki ya ce, "Ina sama za ka sa wuƙa?" Aka tambayi matan gari, suka ce su tufka kawai suka yi, wadda za a fara kwancewa da wadda za a bari sai Tabawa. Sarki ya ce, "Ni in aika wa mai daddawa? Ba zan aika ba, kuma ba zan sauka ba."

Da safe Tabawa tana daka, sai ga hankaka ya sauka kan dangarta. Ya ce, "Saƙo daga Yayarki." Ya rera:

"Tabawa, Tabawa, 'yar Nomau,
Igiya ta cinye tsumma,
Tana neman ɓawo."

Taɓarya ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ta ce, "Ka ce mata ta daure. Gobe zai aiko." Ta bar dakan. Ta share tsakar gida, ta sake share inda ta share. Duk wanda ya yi sallama ta ruga ƙofa, sai ta ga mai neman aron rariya ne.

Kashegari hankaka ya dawo:

"Tabawa, Tabawa, 'yar Nomau,
Igiya ta cinye ɓawo,
Tana neman nama."

Ta toshe kunne. Ta fita har bakin hanya, ta dawo. Ta fita har rijiya, ta hango jinkar gidan a karkace, ta dawo. Ta ce, "In na je yanzu, na ba shi su har abada. Ka ce mata ta ƙara daurewa, kwana ɗaya tak." Tuwo ya kwana a akushi ba ta taɓa ba.

Rana ta uku hankaka ya sauka, ya yi shiru.

Tabawa ta ce, "Rera mana!"

Ya ce, "Yau ba ta ba ni waƙa ba. Na tsaya, na tsaya, ba ta ce komai ba."

Wayyo! Tabawa ta gane abin da ta aikata. Haushin kaza ta huce kan dami. Ta suri 'yarta ta miƙa wa maƙwabciya, ta zura a guje ba takalmi. Dogarai biyu suna tsaye gindin tsani, suka gicciya sanduna. Ta zagaya ta baya. Tsamiya ta sunkuyo da reshe har ƙasa ta ce, "Sai yanzu? Hau, marar kirki, faɗan sai an jima."

Ta hau. Ta rarrafa ta kai jikin ɗorawa. Igiya ta nutse cikin babban reshe har ba a ganinta, ganyen ya yi laushi ya rataya. Ta fara sassauta ta Gwaggo, don nauyi ya koma can. Ta sassauta ta Kaka kaɗan. Sannan ta sa farce, ta sa haƙori, ta zaro igiyar daga naman Yaya zare-zare, yatsunta na jini. Ta yage zanen jikinta ta naɗe wurin, ta mayar da igiya gefe, ta bar wurin da hannu zai shige. Gida ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe, ya koma lilonsa.

Ta ce, "Yaya? Yaya, ki yi mini magana."

Can ƙasa-ƙasa ɗorawa ta ce, "Kin daɗe, ƙanwata."

Sarki yana kallo ta taga tun farko. Ya ce, "Kin hau bishiyar Sarki ba izini."

Ta ce, "Na hau, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi ya ce, "Kuma kin gyara ba wanda ya roƙe ki. To, sauka. Ba na bukatarki kuma."

Ta share hannu a jikin zane ta ce, "Zan sauka. Sai dai baɗi war haka za su ƙara ƙiba."

Tsamiya ta ce, "Da baɗin baɗaɗa. Mu ba mu daina girma sai mun mutu, kuma mun binne sarakuna bakwai kafin kai."

Murmushi ya ɗauke. Sarki ya dubi ƙasa, ya ga nisa. Ya dubi igiyoyi, ya ga ko ɗaya bai san kanta ba. Ya ce wa kuka, "Ke tsohuwa, raba mu. Ku na wane ne?"

Kuka ta ce, "Kwana uku kana kwance a kan 'yar'uwata tana shaƙewa, abin da ya dame ka furarka ce da ke zubewa. Wannan kuwa ta yar da gadonta ta zo. Kai baƙo ne a bayanmu, ɗan nan. Wanda aka goya ba ya cewa bayan nasa ne."

Fadawa suka buɗe baki za su ce hikima, suka tuna ba Sarki ne ya faɗa ba, suka rufe.

Sarki ya sa aka buga ganga aka tara gari. Ya faɗa da bakinsa: ƙasa tasa, itace na Tabawa da 'ya'yanta da jikokinta. Tun daga ranar, in zai hau tsani sai ya tsaya a ƙasa ya yi sallama, sai an amsa sannan ya ɗaga ƙafa. In Gwaggo ta tashi da tsiya, takan bar shi tsaye har hantsi.

Tabawa ta sami bishiyoyinta. Amma da rani ya zo, ɗorawa ta fitar da jajayen furanninta a kowane reshe, ban da ɗaya. Babban reshen nan da igiya ta ci bai sake haihuwa ba, ba a shekarar ba, ba a wadda ta biyo ba. Tabon ya zagaye shi kamar awarwaro. Yaya ba ta taɓa yi mata gori ba, kuma wannan ya fi ci mata rai. Duk shekara in ta hau sassauta igiya, takan sa tafin hannu a kan tabon ta ce, "Kwana uku, Yaya. Ni na yi miki, ba Sarki ba." Ɗorawa ta ce, "Sassauta ki sauka, ƙanwata, iska na zuwa, rawa nake so."

Duk wanda zai zauna a kan abu mai rai, ya bar masa wurin numfashi. Kuma kada ka bar naka yana shan wuya don ka ga ƙarshen wani.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya faɗa tukunyar kalwa. In ƙarya na shara muku, ƙaryar ma ta gaji, ta tafi ta kwanta. Ku ma ku tashi.